Sana'ar Ɗaukar Sauti a Ƙasar Hausa: Daga Faifan Garmaho zuwa Sitidiyon Dutse

Duk waƙar da ake saurare a rediyo ko a kaset ko a wayar hannu ta ratsa ta hannun wani ma'aikaci wanda galibin masu sauraro ba su san sunansa ba, shi ne mai ɗaukar sauti, wato wanda ke zama gaban na'ura yana karɓar murya da kiɗa, yana daidaita su, har su zama abin da za a adana a kuma sayar. A Ingila da Amurka, inda kiɗan rok ya bunƙasa tun daga shekarun 1950, wato kiɗan da ake yi da jita mai lantarki da jerin ganguna, wannan aiki ya rabu gida biyu. Akwai furodusa, wanda ke zaɓen waƙa da tsara yadda kiɗanta zai kasance da yanke hukunci a kan wace ɗauka ce ta yi kyau, akwai kuma injiniyan sauti, wanda ke kafa makirfo da sarrafa na'urori domin abin da furodusa ke so ya fito yadda ya kamata. George Martin da Geoff Emerick, waɗanda suka yi aiki da ƙungiyar Beatles a sitidiyon Abbey Road da ke Landan, su ne misalin da aka fi bayarwa na waɗannan matsayai biyu.

A ƙasar Hausa sana'ar ta biyo wata hanya dabam, kuma yankin Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa wuri ne da ya dace a dubi wannan hanya daga gare shi, domin yanki ne da ya daɗe yana samar da makaɗa da masu sauraro amma na'urar ɗaukar sauti tana can wani gari. Tarihin ya ƙunshi sauye-sauye biyu da suka tafi tare. Na farko, wurin ɗaukar sauti ya riƙa matsowa kusa, daga Landan zuwa Legas, daga Legas zuwa Kaduna da Kano, har ya iso shaguna a cikin garin Dutse. Na biyu, ikon mutumin da ke gaban na'ura ya riƙa ƙaruwa, daga mai kwafar abin da makaɗi ya buga zuwa wanda shi kaɗai yake maye gurbin ƙungiyar makaɗa baki ɗaya, ba tare da sunansa ko rabonsa sun ƙaru daidai da aikinsa ba.

Kafin zuwan na'ura

Ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram ta daɗe a ƙarƙashin masarautar Kano, kuma tsarin kiɗanta shi ne wanda aka sani a sauran ƙasar Hausa, inda kusan kowace sana'a da kowane matsayi ke da nasa kayan kiɗa. Tambari da kakaki da algaita na fada ne, kotso da taushi da jauje na makaɗan sarauta ne, kalangu ya samo asali a wurin mahauta kafin ya zama na kowa, gangar noma ta manoma ce a lokacin gayya, ƙwarya da shantu kuwa na mata ne a cikin gida. Akwai ma shaidar da ta fi waɗannan tsufa a duwatsun Birnin Kudu, inda Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya bayyana a tsakiyar shekarun 1950 cewa kusa da tsoffin zane-zanen da ke jikin duwatsun akwai wasu duwatsu masu amo waɗanda ake bugawa su ba da sauti kamar na ƙararrawa.

A wannan tsari shugaban ƙungiya shi ne ke yin duk abin da furodusa zai yi daga baya. Shi ke ƙirƙirar gindin waƙa, wato baitin da ake komawa gare shi, shi ke koya wa 'yan amshi inda za su karɓa, shi ke nuna wa masu ganga lokacin da za su sassauta domin magana ta fito, sanƙira kuma yana gefe yana ƙara wa jama'a bayanin wanda ake yabo. Waƙa ba ta da tsayayyen tsawo, tana iya miƙewa ko ta gajarta gwargwadon yawan masu kyauta da yanayin taro, kuma ladanta a nan take ake biya, da kuɗi ko riga ko doki ko hatsi. Saboda haka babu wata siga guda da za a ce ita ce waƙar, sai dai abin da aka rera a daren jiya da abin da za a rera gobe.

Garmaho da gidan rediyo

Daga cikin faya-fayan kasuwa na farko da aka ɗauka da harshen Hausa akwai waɗanda kamfanin Zonophone ya yi a Landan a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da ya tattara 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ingila suka rera waƙoƙi da harsuna irin su Yarabanci da Fanti da Hausa domin a sayar a gida. Faifan garmaho na wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe nasa ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku, wanda hakan ya zama ƙa'ida ta farko da na'ura ta gindaya wa mawaƙin Hausa. Waƙar da aka saba ja har tsawon dare dole ta shiga cikin minti uku, kuma wanda ke ɗaga hannu ya ce a fara ko a tsaya ba shugaban ƙungiya ba ne, baƙo ne wanda sau da yawa ba ya jin abin da ake faɗa.

Rediyo ne ya kawo sana'ar cikin Arewa sosai. A 1944 aka buɗe rediyo mai waya a Kano, wato tsarin da ake jan waya daga tasha zuwa akwatunan magana a gidaje da dandali, sannan a 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda sashen rediyonsa ya koma ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a ƙarshen shekarun 1970. Ma'aikatan waɗannan tashoshi suna cikin Hausawa na farko da suka ƙware a ɗaukar sauti. Suna amfani da zaren maganaɗisu wanda ake naɗewa a kan manyan faya-fayai, suna gayyatar makaɗa zuwa ɗakin ɗauka, wani lokaci kuma su ɗauki ƙaramar rikoda su bi su har garuruwansu. Yawancin abin da ake ji a yau na muryar Ibrahim Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, da tsoffin waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata, ta irin wannan hanya ya tsira. Masu bincike daga waje, irin su David Ames wanda ya yi aiki a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, su ma sun ɗauki kiɗan gargajiya sun fitar da shi a faifai.

Gwanintar ma'aikacin rediyo na wancan lokaci tana ga sanin inda zai ajiye kowa, domin sau da yawa makirfo ɗaya ko biyu ne ke ɗaukar ƙungiya gaba ɗaya. Kalangu yana da amo mai kaifi wanda ke iya danne murya, don haka sai a matsar da masu kalangu baya, a kawo mawaƙi kusa, a jera 'yan amshi a tsakiya, kuma idan wani ya yi kuskure sai a koma farko, tun da babu hanyar cire muryar mutum ɗaya daga cikin sauran. Shi wannan ma'aikaci ɗan albashi ne na gwamnati, ba ya tsoma baki a tsarin waƙa, kuma ba a ambaton sunansa idan an sa ta. Ga mutanen Dutse da ƙauyukanta, rediyon Kaduna da na Kano su ne suka fara kawo muryar makaɗan Katsina da Sakkwato cikin zaure, har kunnen jama'a ya saba da cewa waƙa tana da siga guda wadda ake maimaitawa ba canji.

Legas da zamanin kiɗan rok

Kamfanonin faifai na ƙasashen waje, wato EMI da Decca da Philips, a Legas suka kafa ɗakunan ɗaukarsu, kuma a can ne aikin furodusa irin na Turai ya fara tsayawa da ƙafarsa a Nijeriya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 sai samari suka kafa ƙungiyoyin jita masu yawa, kuma Odion Iruoje, furodusan EMI, ya yi suna wajen gano irin waɗannan ƙungiyoyi, ciki har da Ofege, 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory da ke Legas waɗanda faifansu na farko ya karɓu ƙwarai. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo sitidiyon EMI da ke Apapa tare da Geoff Emerick suka ɗauki mafi yawan faifan Band on the Run a kan na'ura mai layi takwas, a daidai lokacin da Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya buɗe nasa sitidiyon mai layi goma sha shida a Ikeja. Abin da ake nufi da layi a nan shi ne hanya ta musamman a jikin zaren ɗauka, ta yadda ganga za ta zauna a nata layi, jita a nata, murya a nata, a iya gyara ɗaya ko a sake shi ba tare da an taɓa sauran ba.

Wannan dabara ita ce ta mayar da sitidiyo wurin ƙirƙira a maimakon wurin kwafa, amma ta daɗe ba ta shafi waƙar Hausa ba. Manyan makaɗa irin su Shata da Ɗanmaraya Jos sun fitar da faya-fayai a ƙarƙashin EMI, kuma dogon faifai na zamanin, mai ɗaukar kimanin minti ashirin a kowane gefe, ya ba su sararin da garmaho ya hana su, sai dai a zaune ɗaya ake ɗaukarsu kamar yadda suke yi a fili. An sami masu kiɗan zamani a Arewa, kamar ƙungiyar Elcados ta Kano wadda ta yi faya-fayai da EMI, da Bala Miller wanda ya rera waƙoƙin Hausa da kayan busa na Turawa, amma kiɗansu ya fi zama a otal-otal da gidajen rawa na Sabon Gari. Dalili shi ne mai sauraron Hausa kalma yake bi kafin amo, yana son ya ji azanci da kirari da habaici, kuma kiɗan da jita ke rufe murya a cikinsa bai dace da wannan kunne ba. Ga kuma matsayin da al'umma ta ba maroƙi, wanda ya sa 'ya'yan masu hali da 'yan boko, waɗanda su ne ke da damar sayen irin waɗannan kaya, ba su ɗauki kiɗa a matsayin sana'a ba.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin ma'aikata na Udoji suka sa rediyo mai kaset ta shiga gidaje da shaguna da motocin haya, ya zama ruwan dare a Arewa. Kaset ya karya ikon kamfanonin Legas ta fuska biyu, domin duk mai rikoda zai iya ɗaukar makaɗi a gidan biki, kuma duk mai rikoda biyu zai iya kwafar abin da wani ya ɗauka. Daga nan wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu sayar da kaset, waɗanda cibiyarsu ke kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata a Kano, inda 'yan kasuwa ke saro kaya su baza a kasuwannin mako irin su Shuwarin da Sara da Gujungu da Maigatari. A teburin mai kaset ake samun karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin finafinan Indiya da kiɗan gargajiya a jere, kuma mai kaset ne ya zama furodusa na wannan zamani, tun da shi ke biyan makaɗi kuɗi a dunƙule ya mallaki uwar kaset.

Makaɗan wannan yanki sun amfana da yaɗuwar suna, ko da ba su amfana da ciniki ba. Haruna Uji na Haɗeja, mai kiɗan gurmi, yana daga cikin waɗanda rediyo da kaset suka kai muryarsu ga direbobi da 'yan kasuwa a faɗin Arewa da Jamhuriyar Nijar, kuma ribarsa ta haƙiƙa tana zuwa ne daga gayyatar biki da kyautar masoya da wannan suna ya jawo. Ingancin sauti kuwa ya ja baya, domin kowace kwafa tana ƙara shuu a kan ta baya, har kunnen jama'a ya saba da shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, satar fasaha da karyewar darajar naira sun sa kamfanonin waje sun sayar da rassansu ga 'yan ƙasa sun janye, wanda hakan ya bar waƙar Hausa ba ta da wani babban kamfani da ke kula da ɗaukarta.

Fiyano da masana'antar fim

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta, kuma kafa gidan rediyon jiha ya samar da ɗakunan ɗauka da ma'aikatan sauti na gwamnati a cikin jihar. Sai dai juyin da ya sauya sana'ar baki ɗaya a Kano ya faru, a daidai wannan lokaci, tare da finafinan bidiyo na Hausa waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Masu shirya fim sun tashi da kallon finafinan Indiya, suna son waƙa da rawa a cikin labari, amma ɗaukar makaɗan gargajiya tana da tsada da wahala, kuma amon kalangu bai yi kama da abin da suke ji a waƙoƙin Indiya ba. Mafita ta zo daga fiyano, sunan da Hausawa suka ba allon kiɗa mai lantarki na kamfanonin Casio da Yamaha, wanda ke ɗauke da kwaikwayon amon sarewa da goge da ganga da tafi, kuma mutum ɗaya ke sarrafa shi da yatsunsa.

Sitidiyon Iyan-Tama na Hamisu Lamiɗo yana cikin na farko da suka sayi fiyanon Yamaha samfurin PSR a tsakiyar shekarun 1990, kuma yawancin makaɗan fim na farko sun ratsa ta irin waɗannan ɗakuna. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim, har ya zama ana fitar da kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ɗin kansa domin ya yi masa talla. Mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙassim da Sani Yusuf Ayagi, daga baya kuma Fati Nijar da Maryam A. Baba, sun zama sanannu ta wannan salo da aka laƙaba wa suna nanaye. A shekarar da Sangaya ya fito ne Shata ya rasu, kuma ana iya ɗaukar wannan shekara a matsayin mahaɗar zamani biyu.

A nan ne matsayin mutumin da ke gaban na'ura ya sauya ɗungurungum. Mawaƙi yakan shigo da baitoci a takarda da karin murya a bakinsa kawai, ya rera, mai kiɗa ya saurara ya nemo ma'aunin da ya dace a jikin fiyano, ya ɗora ganga, ya bi ta da amon ƙasa mai kauri, sannan ya cike gurabun da ke tsakanin baitoci da sarewa ko goge na kwaikwayo. Bayan haka mawaƙi ya shiga ƙaramin ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso domin hana amsa-kuwwa, ya sa abin ji a kunne, ya rera a kan kiɗan da aka riga aka gama. Mutum ɗaya ya zama shi ne mai tsara kiɗa, shi ne makaɗi, shi ne injiniya, shi ne mai haɗa sauti a ƙarshe, ayyukan da a Abbey Road mutum huɗu ko biyar ke rabawa. Dangantakar da aka gada ta kife, domin a da ganga ce ke bin bakin mawaƙi tana jiran numfashinsa, yanzu kuwa mawaƙi ne ke bin bugun na'ura wanda ba ya jinkirta wa kowa.

Shigowar kwamfuta a shekarun 2000, da manhajoji irin su FruityLoops da Cubase, ta ƙara wa mai kiɗa iko, domin layukan da Ginger Baker ya kashe dukiya ya kafa a Ikeja yanzu suna cikin akwati ɗaya ba iyaka. Manhajar Auto-Tune, wadda aka fitar a 1997 domin gyara muryar da ta kauce wa ma'auni, ta zama ado a sitidiyoyin Kano da Kaduna, inda ake murɗa ta har murya ta riƙa rawa kamar ta ƙarfe. Masu kishin gargajiya sun soki wannan salo da cewa ya kashe kalangu ya kuma ba marasa murya damar zama mawaƙa, amma tasirinsa ya tsallaka iyaka. Mdou Moctar, Buzun Nijar wanda a yau ake lissafa shi cikin fitattun masu jitar rok na duniya, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon murya da bugun na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahara. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin fim na Hausa a faifai mai suna Harafin So domin masu sauraro na ƙetare.

Sana'ar a Dutse

Shekaru da dama mawaƙin Dutse ko Kiyawa ko Jahun da ke son a buga masa kiɗa sai ya hau mota zuwa Kano, tafiyar kimanin awa biyu, ya bi layi a ɗakunan da ke Titin Gidan Zu da kewayensa. Araha da kayan aiki suka yi ita ce ta sauya wannan, tun da kwamfuta ɗaya da fiyano da makirfo da lasifika biyu da janareta sun isa a buɗe sitidiyo a shago. Buƙata kuma ta ƙaru a cikin jihar. Komawa mulkin farar hula a 1999 ta farfaɗo da waƙar siyasa, wadda ke da tsohon tushe a wannan yanki tun zamanin jam'iyyun NEPU da PRP, kuma daga mulkin Gwamna Saminu Turaki zuwa na Sule Lamiɗo da Badaru Abubakar da Umar Namadi babu zaɓen da aka yi ba tare da waƙoƙin 'yan takara suna tashi daga lasifikar motoci ba, tun daga kujerar gwamna har ta kansila. Tashoshin FM, ciki har da Freedom Radio da Horizon FM a Dutse, suna buƙatar tallace-tallace da sanarwa masu kiɗa, buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 kuma ya tara matasa masu sha'awar hip-hop da waƙar zamani.

Ga kuma ayyukan yau da kullum waɗanda su ne ke riƙe da sitidiyo tsakanin zaɓe da zaɓe, wato waƙar amarya da ango da ake yi wa kowane biki da sunayen dangi, da waƙoƙin bege na sha'irai musamman a watan Maulidi, da waƙoƙin ɗaliban Islamiyya na bikin saukar karatu. Mai kiɗa dole ya san iyakar kowane ɗaya, domin akwai masu bege da ke son mandiri kaɗai, akwai malaman da ba su yarda da kayan kiɗa ba sam sai murya, kuma tun bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, da kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 wadda hukuncinta ke shafar duk kasuwar waƙar Hausa, kula da abin da ake faɗa ya zama wani ɓangare na aikin. Koyon sana'ar bai bi ta makaranta ba, ya bi tsarin da aka sani na yaro da maigida, inda yaro ke fara da share ɗaki da tayar da janareta da naɗe waya, ya daɗe yana kallon hannun maigidansa, kafin a bar shi ya ɗauki murya, daga bisani a sallame shi ya buɗe nasa. Bidiyoyin koyarwa na YouTube sun rage tsawon wannan zama, amma ba su kawar da shi ba.

Matsalar da ta fi ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya, bayan ta wutar lantarki, ita ce ta rabo. Mai kiɗa ana biyansa sau ɗaya a kan kowace waƙa, kuma ko da waƙar ta game ƙasa, ta jawo wa mawaƙi kyautar mota ko kujerar Makka, ba abin da ke komowa gare shi sai abin da mawaƙin ya ga dama. Kaset da faifan CD sun ba da wuri ga masu tura waƙa a waya, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa da tasha suna cika wa mutane katin ajiya a kan kuɗi kaɗan, sannan YouTube da Audiomack da TikTok suka biyo baya, inda kuɗin da ke shigowa ke zuwa ga mai shafin. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, sun tanadi kariya ga sautin da aka ɗauka, amma ciniki a sitidiyo da baki ake ƙulla shi, ba da takarda ba. Abin da ya zama madadin rubuta suna a bayan faifai shi ne al'adar da mawaƙa suka ɗauko daga yabon gargajiya, ta ambaton mai kiɗa da sitidiyonsa a cikin baitin ƙarshe, kuma wannan ambato shi ne tallar da ke kawo masa aiki na gaba.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne cewa sautin waƙar Hausa ta yau, wanda ake danganta shi da mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, aikin mutum biyu ne aƙalla, kuma nazarin adabi da ya tsaya ga baitoci kaɗai ya bar rabin aikin a baya. Akwai kuma nauyi da ke kan masu sana'ar da hukumomin jihar, domin zaren maganaɗisu da kaset suna lalacewa da zafi da ƙura, kuma makaɗan noma da na fada da na mata da suka rage a ƙauyukan masarautar Dutse suna tsufa, alhali yawancinsu ba a taɓa ɗaukarsu da kayan aiki masu kyau ba. A karo na farko na'urori da ƙwararrun da za su iya wannan aiki suna zaune a cikin yankin, suna jin harshen, sun kuma san gidajen makaɗan. Mayar da tsoffin kaset na gidajen rediyo zuwa kwamfuta, da ɗaukar makaɗan da ke raye, da rubuta sunan mai kiɗa da shekarar ɗauka a jikin kowace waƙa, ayyuka ne da gidan rediyon jiha da jami'o'inta da masarautu za su iya ɗaukar nauyinsu.